Tamale da Yendi: Ina Kayan Tarihin Suke?

Baƙon da ya sauka Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta Gana, yana neman ganuwa irin ta Kano, zai sha yawo bai gani ba. Dalili kuwa shi ne, Tamale ba ta daɗe da zama birni ba. Sai a 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatarsu daga Gambaga suka kawo ta nan. Daga nan garin ya yi ta faɗaɗa, har ya cim ma ƙauyukan Dagwamba irin su Kasalgu.

Gadon sarautar Dagwamba yana Yendi, kusan kilomita 100 gabas. To, me ya hana Turawa zama can? A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamusawa har zuwa 1914. Can fadar Ya Na take, can kuma kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, da maƙabartar Jamusawa. Kusa da garin akwai Adibo, inda Dagwamba suka gwabza da Jamusawa a 1896.

Ita ma Tamale tana da nata, sai dai ɗalibi ya san inda zai duba. A ganina ya fara da Zango. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya tarwatsa fataken goro, Hausawa da yawa suka bazu garuruwan arewa, har yau kuma majema suna jima a unguwar. Daga nan sai ofishin adana takardun tarihi, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka suke ajiye.