Raunin injin noma a gaban kotu: wa doka ke kamawa?

Idan injin sussuka ya cinye hannun ma'aikaci, abin da aka fi ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dokokin ƙwadago na ƙasashe da dama ba haka suke kallon lamarin ba. Alƙali yakan fara da injin kafin ya zo kan wanda ya ji rauni: akwai murfi a kan bel da sauran sassa masu juyawa? Wa ya cire shi? An koya wa ma'aikacin aikin kafin a tsayar da shi a bakin inji? A kan amsoshin nan ake ɗaure mai gona ko a ci shi tara.

Inda haɗarin yake

Sashen da ya yi ƙaurin suna shi ne sandan ƙarfen da ke kai ƙarfin tarakta zuwa injin da aka haɗa mata a baya, wanda makanikai ke kira kardan. Yawanci yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Idan ya kama bakin riga, kafin mutum ya ɗaga murya ya riga ya naɗe shi. Shi ya sa ake sayar da shi cikin bututun roba da ba ya juyawa tare da ƙarfen. Sai dai bututun yakan fashe, mai inji kuma ya ga sayen sabo asara ce. Bayan kardan sai bel da bakin da ake zuba amfanin gona, musamman lokacin da inji ya toshe aka sa hannu a gyara ba tare da an kashe shi ba. Kifewar tarakta ma na cikin manyan masu kisa. Tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta sa wa sabbin taraktoci ƙarfen da ke kare direba.

Faransa

Dokar Faransa ta 9 ga Afrilu 1898 ta ɗora wa mai aiki biyan diyyar haɗarin aiki ko da ba a kama shi da laifi ba, amma ta bar gonaki a waje. Injin sussuka mai aiki da tururi ne ya fara buɗe ƙofar: dokar 30 ga Yuni 1899 ta shigar da haɗarin da injinan noma masu moto suka haddasa. Sauran ma'aikatan gona sai a 1922 doka ta rufe su.

Yau shari'ar na bin hanya biyu. Ta farko ita ce ta laifi. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwa na iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45.000, kusan miliyon 29 da rabi na CFA. Idan da gangan ya take wata ƙa'idar tsaro, hukuncin na kaiwa shekara 5 da yuro 75.000. Raunin da ya hana mutum aiki fiye da wata 3 kuwa, shekara 2 ne da yuro 30.000. Kamfani ana iya ninka masa tarar har sau 5.

Hanya ta biyu ita ce ta diyya, a ƙarƙashin abin da lauyoyi ke kira faute inexcusable, wato laifin da ba shi da uzuri. Tun hukuncin da babbar kotun ƙasar ta yanke a 2002, ya isa a nuna cewa mai aiki ya san da haɗarin, ko ya kamata a ce ya sani, amma bai ɗauki mataki ba. Sakacin ma'aikacin kansa ba ya wanke maigidan. Wannan shi ne abin da masu gona suka fi jin zafinsa, domin hujjar da kowa ke fara kawowa ita ce yaron ne ya sa hannunsa.

Birtaniya

A can dokar 1974 ce ke aiki, kuma hukumar HSE ce ke shigar da ƙara a Ingila da Wales. Ba sai wani ya ji rauni ba: barin inji babu murfi shi kansa laifi ne. Wanda ake tuhuma kuma shi zai tabbatar wa kotu ya yi iyakar abin da zai yiwu. Tun 2016 ana auna tarar da girman cinikin kamfani, mutum kuma na iya shan ɗaurin shekara 2. Duk da haka, noma da ke ɗauke da kusan kashi 1 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar yana cikin sana'o'in da suka fi kisa, kuma da yawa daga cikin mamatan masu gonar ne da kansu, waɗanda babu maigidan da za a kai ƙara a kansu.

A Nijar

Ba rashin doka ne matsalarmu ba. Nijar ta sa hannu a yarjejeniya mai lamba 119 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT, wadda ta hana sayarwa, ba da haya ko aiki da injin da sassansa masu haɗari ba su da kariya. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai aiki kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Sufetocin aiki ke da hurumin bincike da rubuta rahoton laifi, asusun CNSS kuma shi ke biyan magani da diyyar haɗarin aiki ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Dokar laifuka ma ta tanadi hukunci kan kisa ko rauni ta hanyar sakaci, kuma ana iya kai ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda.

Giɓin yana tsakanin takarda da gona. Wanda ke tsaye a bakin injin niƙa, injin ɓarar gyaɗa ko na yankan kara a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, galibi ɗan gida ne, ko yaron mai inji, ko ɗan ƙwadagon yini. Ba shi da takardar aiki, CNSS ba ta san da zamansa ba, ofishin sufeto kuma yana birni. Injinan da maƙera da masu walda ke haɗawa sau da yawa bel a fili yake, ga babbar riga, rawani da mayafi na lilo kusa da shi. Idan abu ya faru, akan ƙare maganar a zauren mai gari: mai inji ya biya kuɗin asibiti, a ba juna haƙuri.

Wanda ya zaɓi zuwa kotu, abin da zai fi taimakonsa shi ne takardar likita mai nuna kwanakin da raunin ya hana shi aiki, hoton injin kafin a gyara shi, da shaidun da suka ga wanda ya sa shi aikin da kuma yadda ake biyansa. Shaidar biyan lada ita ke nuna cewa ma'aikaci ne a idon doka, ko da ba a taɓa rubuta komai tsakaninsa da mai injin ba.