Galmi: asibitin mishan da abin da zuciya ta ɓoye

Abu biyu suka fitar da sunan Galmi, garin da ke bakin titin Ƙonni zuwa Madawa a yankin Malbaza: albasa da asibiti. Albasar ta zaga kasuwannin Afirka ta Yamma. Asibitin kuwa ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1950, da zuwan wani likita Ba'amurke, Dokta Burt Long, lokacin Nijar tana hannun Faransa. Tun 1924 'yan SIM suka sauka a Damagaram, daga baya suka kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi, suna wa'azi da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shi ne kuma ya zama jarinsu.

Marasa lafiya suka yi ta kwarara daga Dogarawa, Tsarnawa, Illela da Badagishiri, har da na ƙetaren iyaka daga ƙasar Sakkwato. Aka yi musu aiki, aka karanta musu Linjila, yawancinsu suka koma gida da addinin da suka zo da shi. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

'Yan ƙalilan ɗin da suka ce sun ba da gaskiya, su ne suka shiga tsaka mai wuya. Dangi na cewa kwaɗayin magani ko aikin albashi ya ja su. Turawan mishan ma ba su saki jiki da su ba: sai an daɗe ana lura da zaman mutum kafin a yi masa baftisma, auren mace fiye da ɗaya kuma ya zama babban shinge. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta nuna irin takun saƙar da aka sha tsakanin mishan da masu bi na gida, kafin ikilisiyarsu, wato EERN, ta tsaya da ƙafafunta bayan samun 'yancin kai. Kowane ɓangare yana son ya auna abin da ba shi da mudunsa.

A nan ne koyarwar cewa Allah ya san zuciya ciki da bai ta yi wa waɗannan bayin Allah rana. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma littafin Sama'ila na fari bai yarda fuska ta isa shaida ba: annabin ya ga tsayi da kwarjinin babban ɗan Yesse, ya ɗauka shi ne sarki, aka nuna masa autan da ke kiwo a daji. Zabura ta 139 ta fi zurfi, domin mai addu'ar ya san an riga an karanta tunaninsa tun bai buɗe baki ba, duk da haka shi da kansa yake roƙon a bincike shi. Ga wanda gida ke zargi, majami'a kuma ke jinkirin karɓa, samun mashaidin da ba ya buƙatar bayani ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma koyarwar ba ta lallashi kaɗai ba ce, tunda Irmiya ya ce zuciya na yaudarar mai ita.

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnen maƙwabta. Musulmin Adar da Ƙonni ya tashi da sanin cewa aiki yana tare da niyya, kuma Allah ne masanin gaibu. Wannan tarayya, a ganin mai rubutun nan, tana cikin abin da ya sa aka iya zama lafiya a layin jiran likita shekaru fiye da 70.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta mai bi a ɓoye. Littafi Mai Tsarki yana da Nikodimu, wanda ya je wurin Yesu da dare, yana da Na'aman, jarumin Suriya da ya warke daga kuturta sannan ya nemi afuwa don dole zai riƙa raka sarkinsa ɗakin gunki. Annabi Elisha ya sallame shi lafiya, bai kafa masa sharaɗi ba. Faston da saurayi ya zo masa a asirce, yana tsoron rasa gado da amarya da gidan uba, da waɗannan labarai biyu yake fara shawara, tun kafin a zo batun ranar baftisma.