Yaro mai ƙeƙasasshiyar zuciya: tarihin muhawarar gado da reno

Likitocin ƙwaƙwalwar yara sun daɗe da sanin wani rukunin yara da halinsu ya wuce ƙiriniya. Irin wannan yaro yakan cuci ɗan'uwansa ba tare da nadama ba, kukan wani ba ya taɓa masa zuciya, horo kuma ba ya razana shi. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu wannan sana'a suke ja-in-ja a kan tushen halin, ko da shi ake haihuwar yaro, ko reno ne yake jawo shi.

Tsakanin 1936 da 1939, a wani asibitin kula da halayyar yara da ke Landan, likita John Bowlby ya bibiyi yara 44 da aka kawo saboda sata, ya kwatanta su da wasu 44 masu damuwa iri daban. A cikin masu satar ya ware 14 waɗanda ba su shaƙu da kowa ba. Goma sha biyu daga cikinsu an taɓa raba su da uwayensu na tsawon watanni kafin su cika shekara biyar. Ya buga sakamakon a 1944, sannan a 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan muhimmancin kulawar uwa. Aikin ya yi amfani ƙwarai. A wancan zamani asibitocin Ingila sukan taƙaita wa iyaye ziyarar 'ya'yansu da ke kwance, wai don kada su tayar musu da hankali. Fim ɗin da abokin aikinsa James Robertson ya ɗauka a 1952, na wata 'yar shekara biyu da aka kwantar ba uwa a kusa, ya girgiza ma'aikatan lafiya, kuma a 1959 rahoton kwamitin Platt ya nemi a buɗe wa iyaye ƙofa.

Sai dai an ɗora wa uwa laifin da ya fi ƙarfinta, musamman mai fita aiki. Michael Rutter ne ya gyara wannan fahimta a littafinsa na 1972. Ya nuna cewa rabuwar kanta ba ita ce babbar illa ba, abin dubawa shi ne rikicin gidan da ya haddasa ta, da kuma ko yaron ya taɓa samun wani tsayayye da ya shaƙu da shi. Ba dole ne ya zama mahaifiya ba. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san riƙo a ƙasar Hausa, inda kaka ko gwaggo takan raini yaro ya tashi da cikakkiyar tarbiyya.

Daga 1994 Paul Frick da abokan aikinsa a Amurka suka fara auna rashin tausayi da rashin nadama a matsayin hali mai zaman kansa, dabam da faɗa ko taurin kai. A 1997 suka bayar da rahoton cewa sakacin iyaye da horo maras tsari suna da alaƙa da rashin ji a yawancin yara, amma alaƙar ba ta fito ba a masu ƙeƙasar zuciya. A 2005 Essi Viding ta binciki dubban tagwaye 'yan shekara bakwai a Birtaniya, ta gano gado yana da kaso kamar biyu cikin uku a bambancin wannan hali. A shekarar dai, David Hawes da Mark Dadds a Ostareliya suka lura cewa horon keɓe yaro na ɗan lokaci ba ya tasiri sosai a kan yara masu wannan hali. Wasu suka ɗauka ke nan iyaye ba su da abin yi, kuma wannan gaggawar yanke hukunci ce, domin an fi auna horo, ba a ba wa ƙauna da jan yaro a jiki haƙƙinsu ba.

Da aka waiwayi wannan ɓangaren sai lissafi ya sauya. A 2016 Luke Hyde da abokansa suka bibiyi iyalai 561 masu riƙon yaran da ba su haifa ba. Yaron da mahaifiyarsa take da tarihin aikata laifi ya fi nuna alamun halin tun yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni, amma idan uwar riƙo mai yawan yabo da ƙarfafa gwiwa ce, haɗarin yakan ragu matuƙa. A 2018 Rebecca Waller ta duba tagwaye masu gado iri ɗaya, ta ga wanda aka fi tsanantawa aka kuma rage wa fara'a shi ya fi ɗan'uwansa rashin tausayi.

Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013 ya shigar da halin a ƙarƙashin ciwon rashin ɗa'a, da suna mai laushi don gudun tambarin da zai bi yaro har girma. A Sidni kuma, Eva Kimonis ta sake tsara shirin koyar da iyaye domin irin waɗannan yara: an fifita lada a kan hukunci, ana koya wa iyaye nuna ƙauna a fili, yaron kuma ana koya masa gane tsoro da baƙin ciki a fuskar mutane.