Daga jigo zuwa kabu-kabu: tarihin ƙiba a kwarin Kumadugu

Idan likita ya ce wa mutumin Difa ko na Boso ya rage jiki, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne bakin jama'a: lafiya kuwa wane ya rame haka? A ƙasar Manga, kamar a ƙasar Hausa da Barno, rama alama ce ta ciwo ko talauci ko baƙin ciki, ƙiba kuwa shaida ce cewa rumbu na da hatsi, maigida kuma na riƙon iyali. Wanda ya ɗaura aniyar rage teɓa bai san inda wannan ra'ayi ya kafa saiwa ba, da wuya ya kai wata biyu bai sare ba.

Saiwar tana cikin yunwa. Kakanninmu sun bar mana labarin Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Tabkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance har ya gaza kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980, Boso da ke bakin ruwa ta wayi gari ruwan ya yi mata nisa. Al'ummar da ta sha irin wannan ba za a zarge ta ba don ta ɗauki kitse a matsayin ajiya. Shi ya sa ake ɗura wa mai jego kunun kanwa kwana arba'in don ta murmure, shi ya sa Zabarmawa a yamma suke da bikin hangandi na gasar ƙiba tsakanin mata, shi ya sa kuma Larabawan Azawak suke ɗura wa ƴan mata madara da hatsi tun suna ƙanana, kamar yadda Rebecca Popenoe ta bayyana a littafinta na 2004. Turawa ma sun bi ta nan. Kalmar Faransanci ta embonpoint, wadda ɗalibanmu ke fassarawa da teɓa, asalin ma'anarta kasancewa cikin kyakkyawan hali.

Sai dai a da ana yabon ƙiba ne don ba kowa ke samunta ba. Dubi yinin manomin bakin Kumadugu shekara sittin da suka wuce. Da jigo yake ban ruwa ga alkama da albasa, guga bayan guga, daga hantsi har rana ta take. Masunci sanda yake dafawa ya tura jirginsa. Matarsa kafin tuwo ya kai akushi sai ta yi sussuka da surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace. Kasuwa da ƙafa ake zuwa ko bisa jaki. Abincin kuwa gero ne da dawa, tuwo ko burabusko ko fura da nono, wake, miyar kuka ko kuɓewa da banda. Man shanu ɗan kaɗan ake ɗigawa, sukari kuma kayan baƙo ne. Jikin da ke wannan aiki bisa wannan ci ba shi da rarar da zai tara.

Cikin shekaru kamar talatin komai ya juya. Difa ta zama babban birnin yanki a 1964, ma'aikatan biro suka fara taruwa. A shekarun 1970 hanyar kwalta ta ratso har Gigimi, ta kawo buhun shinkafa da garin fulawa da taliya da jarkar mai. Injin ban ruwa ya kori jigo, noman tattasai ya bunƙasa har ake masa kirari da jan zinariya, naira ta cika kasuwa saboda cinikin tattasai da banda da Najeriya. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, kuma babu mai hankalin da zai yi wa mata baƙin cikin wannan hutu. A shekarun 2000 babura masu araha suka shigo, kabu-kabu ya zama ƙafar kowa, har sayen goro a bakin titi. Aikin ya tafi, amma girman malmala bai ragu ba, sai ma mai da sukari da suka ƙaru a kansa. Ga shayi zagaye uku a fada, kowane zagaye ya fi na baya zaƙi. Daga nan hawan jini da ciwon sukari suka samu ƙofa.

Tarihin bai tafi a miƙe ba. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Dokar ta-ɓaci ta biyo baya, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi. Harin watan Yunin 2016 ya kori kimanin mutum 50,000 daga Boso. Mutanen da suka ciyar da rabin yanki da kifi suka koma jiran rabon tsaba da mai a gefen kwalta. Don haka a gari guda, wani lokaci a gida guda, ake samun yaro mai tamowa da babba mai ƙiba fiye da kima, domin abin da ya fi araha shi ne mai cika ciki ba ya gina jiki. Duk mai maganar rage ƙiba a Difa ya kamata ya yi ta da kunya, ya san da wa yake magana.

Ga wanda likita ya tabbatar masa nauyinsa ya wuce kima, wannan tarihi ya nuna inda zai fara, kuma ba ya bukatar sayen komai. Giram guda na mai yana ba da kalori 9, na hatsi kuwa kimanin 4, saboda haka ludayin man da ake malala wa shinkafa da wake ya fi loma biyu ko uku na tuwo nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci, wato kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 a yini, kuma kwalbar lemu guda kan cinye fiye da rabin wannan. Gishiri kada ya kai giram 5, a ciki har da na dunƙulen miya. Gero da wake da kifi da zogale su koma tsakiyar faranti, shinkafa da taliya su ja baya. A ganina wannan ya fi shayin rage teɓa da ake talla, wanda galibinsa maganin zawo ne kawai. Matan da suka daɗe suna shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su dekzametazon kuwa kada su yanke su dare ɗaya, domin yin haka na da haɗari, sai da jagorar likita. Haka ma mai shan maganin sukari.

Motsa jiki shi ne maida wa jiki kaɗan daga aikin da inji ya karɓe. Hukumar ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai sauri wadda mutum zai iya magana cikinta amma ba zai iya waƙa ba. Mai farawa ya soma da minti goma, ya ƙara mako-mako, da sassafe ko bayan la'asar, don zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40. Rairayin gefen gari ya ishe shi filin horo. Rabin kilo a mako ya wadatar, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana sauƙaƙa hawan jini da sukari tun kafin maƙwabta su lura.

Abin da ya fi wuya shi ne kwanon taro. A inda ake ci hannu biyar cikin tire guda, mai tsame hannu da wuri sai an tambaye shi ko an ɓata masa rai, mace kuwa sai a fara zargin mijinta. Gara ya faɗa wa mai girki da surukai tun farko cewa umurnin likita ne, ya nemi a ajiye mai a gefe kowa ya zuba nasa.