Surame, birnin Kanta da daji ya haɗiye

In ka taɓa ganin hoton Tikal ta ƙasar Gwatamala, inda gine-ginen mutanen Maya suka leƙo ta saman kurmi, kada ka ɗauka sai can. Tashi daga Limawa ka nufi Sakkwato, ka tambayi hanyar Surame. Muhammadu Kanta na Kabi ne ya kafa ta a ƙarni na 16, ganuwarta ta dutse ce, ba irin ta Kano ta ƙasa ba. Wajen 1700 sarauta ta koma Birnin Kabi, itatuwa suka rufe kufan. Dajin ya kare shi daga garma, amma fa saiwa tana tsaga gini. Tikal ta shiga jerin UNESCO a 1979. Surame kuwa tana layin jira tun 2007.