Saniyar da ake bar wa tsoho

Kakanninmu na Gene da Malanbil ba su san gidan ajiye tsofaffi ba. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, kuma da tsari ake yin hakan.

Manomi na da gandu: 'ya'ya maza su noma gonar uba, hatsi ya shiga rumbu guda, tsoho ke rabawa. Makiyayi kuwa, in zai tafi kiwon rani, sai ya bar shanun tatsa a ruga tare da jika mai kiwo, don kada nono ya yanke wa tsofaffi. Wanda garkensa ya ƙare, dangi su ba shi habbanaye: ya riƙe karsana ta haifa masa, sannan ya mayar da uwar.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe shanu, samari suka watsu neman kuɗi, aike ya maye gurbin nono. To, da aka rufe gadar Malanbil zuwa Gaya bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, aiken ma ya yi wuya.

Kuɗi na sayen magani, amma ba su ɗebo ruwa, ba su tada mara lafiya zaune. Kafin ka kama hanya bana, hannun wa ka bar Baba?