Wa Zai Riƙe Ajin? Kuɗin Fitar Malami Jagora Zuwa Horo a Firamaren Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani giɓi da ke cikin tsarin kuɗin horar da malaman firamaren gwamnati a Jihar Kaduna, inda ta ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen nazari. An saba biyan kuɗin bita da na abinci da na mota, amma babu tsayayyen tanadi na wanda zai tsaya wa gogaggen malami a ajinsa idan ya fita koyon yadda zai jagoranci sabon malami. Ta hanyar bibiyar tarihin horar da malamai a Zariya, da dokokin kuɗin ilimi na bai-ɗaya, da sakamakon binciken da aka yi a wasu ƙasashe, maƙalar ta nuna cewa jagorancin da ba a biya kuɗin riƙon ajinsa ba, ko dai ya tsaya a takarda, ko kuma yara su biya shi da darasinsu.

Gabatarwa

A shekarar 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar cancanta, aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su, sannan aka shelanta ɗaukar sababbi 25,000. A 2022 kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta sake sallamar 2,357. An yi ta muhawara a kan adalcin wannan mataki, ƙungiyar malamai ta NUT ma har yajin aiki ta yi a farkon 2018. Abin da ya dami wannan nazari shi ne abin da ya biyo baya: dubban matasa sun shiga aji a lokaci guda, kuma da yawa daga cikin tsofaffin hannun da za su koya musu sirrin aikin sun riga sun tafi. Waɗanda suka rage su ne aka ɗora wa nauyin reno, alhali kowannensu yana da nasa ajin cike maƙil.

Malami jagora a nan shi ne gogaggen malamin da ke cikin makaranta, wanda aka ɗora wa alhakin kallon darasin sabon malami, ya gyara masa, ya kuma bar shi ya kalli nasa. Iya koyarwa daban, iya gyara wa babban mutum aikinsa ba tare da an ci masa fuska ba daban. Shi ya sa jagoran kansa yake buƙatar horo, kuma horon yana cin lokaci.

An dogara ne a kan nazarin takardun manufofi da tarihin shirye-shiryen da aka gudanar a jihar, tare da lissafi na misali da aka bayyana a matsayinsa na misali.

Abin da Zariya ta riga ta gwada

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a tura gogagge ya bi sababbin malamai aji-aji. Zamanin En'e akwai muƙamin malami mai ziyara, wanda Alhaji Shehu Shagari ma ya riƙe a lardin Sakkwato a shekarun 1950. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Cibiyar Ilimi tata a 1965, Samaru ta zama cibiyar da jihohin Arewa ke duba wa kan harkar malanta. A farkon shekarun 1970 cibiyar ta gudanar da shirin inganta ilimin firamare da aka fi sani da PEIP, da taimakon UNICEF da UNESCO, kuma ƙashin bayan shirin shi ne masu horarwa na tafi-da-gidanka da ke zagaya makarantu suna zama da malamai a cikin azuzuwansu.

Shekaru da dama bayan haka, shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, har da Kaduna, ya bi kusan wannan sawu: aka horar da jami'an tallafa wa makarantu daga ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi, aka ba kowannensu rukunin makarantu. Shirin SMASE na lissafi da kimiyya, wanda Japan ta tallafa kuma aka fara gwada shi a Kaduna da Neja da Filato a 2006, ya bi ta hanyar horon gangara, daga masu horarwa na ƙasa zuwa na jiha zuwa malaman aji.

Idan aka jera waɗannan shirye-shirye, abu guda yana fitowa fili. Duk sun kauce wa matsalar riƙon aji ta hanya biyu. Ko dai jagoran ya kasance na waje wanda ba shi da aji, ko kuma a tura horon zuwa lokacin hutu, kamar yadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta riƙa yi da bitocinta, da yadda Cibiyar Ilimi ke yi da karatun dogon hutu. Hanyar farko tana da kyau matuƙar akwai kuɗin mai. Jami'in da ke da makarantu daga Bomo zuwa Basawa ba da ƙafa zai zagaya su ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin kowace ziyara ya ninka. Da zarar mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa, ziyara ce ke fara raguwa. Hanya ta biyu kuwa tana koyar da ƙa'ida a ɗakin da babu yaro ko ɗaya.

Inda kuɗin yake da inda bai kai ba

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi yana tafiya ne ga gine-gine bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason, kashi 10 cikin 100 kuma an keɓe shi ga ƙara wa malamai ƙwarewa. Saboda haka ba za a ce babu kuɗin horo ba. Tambayar ita ce me ake saye da shi. A al'ada ana sayen ɗakin taro, da masu gabatar da darasi, da takardu, da alawus na mahalarta. A ɓangaren manyan makarantu kuma, asusun TETFund yana biyan malaman kwalejojin ilimi kuɗin fita duba ɗalibansu a lokacin koyarwar gwaji. Malamar aji uku da ɗalibin ke zaune a ajinta wata da watanni, ita ce ba a cika ganin sunanta a kowane kasafi ba.

Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, kuma kan mutum ɗaya ake biya a kan gurbi ɗaya. Babu layin da ya ce ga kuɗin wanda zai riƙe aji na wuni guda. To me ke faruwa ran da aka kira malama bita? Duk wanda ya san makarantunmu ya san amsar. Hedimasta ya haɗe ajinta da na maƙwabta, ko a cika allo da rubutu a ce monita ya rubuta sunan masu surutu, ko a miƙa ajin ga ɗan koyarwar gwaji wanda shi kansa jagora yake nema. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A unguwanni masu cunkoso irin Muciya da Cikaji da Hayin Dogo, inda aji ɗaya kan zarce wannan adadi nesa ba kusa ba, haɗe aji biyu ba koyarwa ba ce, tsaro ne kawai har a tashi.

Tsarinmu na gargajiya bai yi wannan sakaci ba. A makarantar allo, kafin malam ya fita ya san gardin da zai bar wa ƙananan almajirai, kuma gardin ya san wanda ya kai wanki da wanda ke buƙatar biyawa. Makarantar boko ta gwamnati ce ta tsara fitar malami ba ta tsara wanda zai zauna ba.

Abin da bincike ya nuna

Hujjar da ke goyon bayan jagoranci a cikin aji tana da ƙarfi. Kraft da Blazar da Hogan, a nazarinsu na 2018 da ya tattara bincike 60, sun sami tasirin 0.49 na ma'aunin karkata a kan ingancin koyarwa, da 0.18 a kan sakamakon ɗalibai. Sun kuma lura cewa tasirin yana raguwa idan aka faɗaɗa shirin, kuma wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin yi wa jiha gaba ɗaya a rana guda. A Afirka ta Kudu, gwajin da Cilliers da abokan aikinsa suka yi a kan karatun ƙananan azuzuwa ya nuna cewa yaran da aka riƙa bin malamansu aji sun ci gaba da 0.24, ninki biyu na waɗanda malamansu suka halarci bita kawai.

Ingila ta fuskanci tambayar kuɗin kai tsaye. Daga Satumban 2021 ta mayar da renon sabon malami shekara biyu, ta rage masa kashi 10 cikin 100 na darussansa a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, ta kuma biya makarantu kuɗin wanda zai riƙe aji a tsawon awa 36 na horon jagora. Duk da haka jagorori sun koka da nauyin aiki, har aka rage horon daga 2025. Ba adadin awannin ne abin ɗauka ba. Abin ɗauka shi ne gwamnati ta amince a rubuce cewa awar da jagora ya yi a wajen ajinsa tana da farashi, kuma ba makaranta ko yara ne za su biya ba.

Batun Juma'a

Akwai hujjar da ake iya kawowa a Kaduna wadda ba a iya kawowa a Kano. Tun Janairun 2022 makarantun gwamnatin jihar suka koma karatun kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Sai a ce ai ga Juma'a nan a banza, a zuba duk horon a cikinta, babu ajin da zai zauna ba malami, babu sisin da za a kashe.

Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma ya kamata a ci moriyarsa. Duk abin da ya shafi ƙa'ida, kamar yadda ake cike takardar lura da darasi, da yadda ake tsara tattaunawar bayan darasi, ana iya yin sa safiyar Juma'a kafin masallaci. Amma jagora ba ya zama jagora sai ya zauna a bayan aji ya ga sabuwar malama tana fama da yara masu magana da harsuna huɗu ko biyar, kamar yadda ake samu a Sabon Gari, garin da layin dogo ya tara wa jama'a daga ko'ina cikin ƙasar nan tun farkon ƙarni na 20. Sai ya ga inda ta rasa hankalin yaran baya, ya kuma gwada faɗa mata a gaban mai horar da shi. Wannan ba ya yiwuwa sai ranar da yara ke makaranta, wato ranar da nasa ajin ma ke jiran sa. Bugu da ƙari, a mako mai kwana huɗu, wuni ɗaya da aka rasa rubu'in karatun mako ne. Tsarin kwana huɗu bai kawar da buƙatar mai riƙon aji ba, ƙara mata nauyi ya yi.

Lissafi na misali

A ɗauka kowane jagora zai bar ajinsa rabin wuni a mako. Mako mai kwana huɗu yana da rabin wuni takwas, don haka malamin riƙo guda zai iya tsaya wa jagorori takwas a makarantun da ke kusa da juna. Idan aka yi amfani da mafi ƙarancin albashi na ₦72,000 da jihar ta sanar a 2024 a matsayin ma'auni, malamin riƙo zai ci ₦864,000 a shekara, wato ₦108,000 a kan kowane jagora. Idan kowane jagora yana renon malamai uku, abin ya sauka zuwa ₦36,000 a kan sabon malami guda a shekara. Ba a sa kuɗin mota a ciki ba, kuma zai fi yawa a ƙauyukan Zabi da Basawa fiye da cikin gari, inda makarantu ke jere kusa da juna.

A nan ne Samaru da Sabon Gari suka fi kusan ko'ina a Arewa dacewa da gwaji. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Zariya (tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya) suna yaye masu NCE da digirin malanta kowace shekara, da yawansu na zaune ba aiki ko suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba a makarantun kuɗi. Akwai kuma malaman da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu. Mutanen suna nan, masu horarwar suna nan, layin kasafin ne babu.

Haɗarin abin ma a bayyane yake, kuma ina ganin ya fi kuɗin wahalar magancewa. Idan aka bar zaɓen malaman riƙo a hannun masu rabon alfarma, za a sami sunaye a takarda da azuzuwa ba kowa. Idan aka riƙa jinkirta biyansu, kamar yadda 'yan shirin N-Power na gwamnatin tarayya suka sha kokawa, za su watse kafin zangon karatu na biyu. Idan kuma ba a ɗaure aikinsu da jadawali ba, hedimastan da ke fama da ƙarancin malamai zai mayar da su malaman dindindin na ajin da ba shi da kowa, jagora ya koma inda ya fito. Don haka ya kamata mai riƙo ya kasance yana da rajistar hukumar malamai ta TRCN, a ɗauke shi da kwantiragin shekara cikakkiya, a biya shi ta banki daga kason ƙara ƙwarewa, kuma biyan ya rataya a kan takardar da jagora da sabon malami da hedimasta suka sa wa hannu cewa an kalli darasi a rana kaza.

Gwajin da zai raba gardama ba shi da tsada. A raba rukunan makarantun ƙaramar hukumar Sabon Gari gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba jagororin kowane gida horo iri ɗaya, a ba gida ɗaya kaɗai malaman riƙo. Bayan shekara guda a ƙirga darussan da aka kalla a zahiri, a auna karatun Hausa da lissafin yaran sababbin malamai, sannan a auna na yaran jagororin su ma, domin su ne binciken da aka saba yi ke mantawa da su. Cibiyar Ilimi da ke Samaru tana da masanan da za su tsara wannan awo, kuma makarantun da za a auna ɗin suna kewaye da ita.